Amanar da Ka Ɗora wa Wasila

Tudun Wada, Gusau.

Zuwa ga ƙanena Lawali,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwar 'yar'uwar da ta daɗe ba ta sa ka a ido ba, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Hafsat da yara. Allah ya ƙara wa cinikin albasa albarka, ya tsare ku da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya fara nuna a wajajen Bungudu, ko da yake mutane da dama ba su kai ga gonakinsu na nesa ba saboda halin da ka sani. Malam ya samu sauƙin ƙafarsa har yana zuwa masallaci ba sanda. Ni kuma ina nan kan keken ɗinkina, idanu ne dai suka fara yi mini gardama wajen zura zare.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na zaɓi rubutu ne don na san halinka. Idan na kira ka sai ka cika ni da to Yaya, to Yaya, kafin in kai ga gaɓar magana ka ce ga mota ta iso da kaya. Takarda kuwa ba a katse ta. Na ba Usman direba, na ce ya danƙa maka hannu da hannu, kada kuma ya ɗaga daga wurin sai ya ga ka buɗe. Ka samu wuri ka zauna, domin raina a ɓace yake, kuma kai ne kan gaba cikin waɗanda na yi fushi da su. Ni ce ta biyu.

Maganar Wasila ce, 'yar marigayi ɗan'uwanmu Zakari. Shekara uku ke nan babu kaɗan da aka tare shi a hanyarsa ta komawa gida daga kasuwar Tsafe, aka raba shi da ransa. Ka san yadda matarsa Delu ta koma tun daga ranar: ba ta magana sai jefi-jefi, ba ta wanka sai an kai ta, wani lokaci ta miƙe ta kama hanya wai za ta taro shi. Ka san kuma mun kwaso su daga ƙauyensu na bayan Kucheri muka kai su Nahuce, gidan Baba Isah, aka ba su ɗaki ɗaya da rumfa. Daga nan kowannenmu ya kaɗe rigarsa ya koma harkarsa, muna cewa ai Delu ta yi sa'ar ɗiya. Wasila tana da shekara tara a lokacin. Yanzu sha biyu gare ta, kuma ita ke dafawa, ita ke ɗebo ruwa, ita ke yi wa uwarta wanka da ba ta magani, ita ke rainon ƙannenta, Salma da Buba. Delu ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai na Wasila. Duk gidan ba a kiran yarinyar da sunanta, sai Inna Ƙarama.

Ni da bakina na riƙa yawo da wannan suna a Gusau. Duk macen da ta kawo ɗinki ta yi kukan 'yarta ba ta jin magana, sai in gyara zama in ba ta labarin Wasilarmu. Ta haka ne maganar ta kai kunnen Malama Mansura, wata da nake yi wa ɗinki. Tana karatu mai zurfi a jami'a kan halayyar ɗan Adam, kuma aikin da take yi yanzu shi ne bin gidajen da tashin hankali ya raba da garuruwansu, tana tattaunawa da yaran da ke jinyar iyayensu. Da ta ce tana son ganin yarinyar, bakina har kunne. Na ɗauka za a rubuta sunan 'yar gidanmu a littafi ne a matsayin abin koyi. Na sa sabon mayafi, muka hau mota zuwa Nahuce, ina ta zuba mata yabon Wasila tun daga tasha har ƙofar gida, ita kuwa sai gyaɗa kai take yi.

Ta nemi izinin Baba Isah, sannan ta nemi izinin Wasila ita kanta, abin da ya ba mutanen gidan dariya. Wasila ta yarda, amma ta ce Gwaggo ta zauna kusa. Abu na farko da na lura da shi, yarinyar ta ƙi zama inda aka shimfiɗa mata tabarma, ta janyo ta zuwa inda za ta riƙa hango ƙofar ɗakin uwarta. Ana magana da ita, kunnenta yana can. Malama ta tambaye ta abin da kowa yake so a gidan, ta jero ba gargada: Salma ba ta son kuka sai kuɓewa, Buba ba ya cin tuwo in ya huce, Inna tana shan kunu in an sa tsamiya da yawa. Da aka ce ita fa, me take so, sai ta yi zuru. Ba kunya ba ce, Lawali, na san kunyar yara. Nema take yi a ranta ba ta samu ba. Aka tambaye ta wa ke kula da ita in ba ta da lafiya, ta ce ba ta rashin lafiya. Da aka ɗan matsa, ta ce kanta yana yawan sarawa duk sanda ta je rijiya, don tana tunanin ko Inna ta fita. Shi ya sa kafin ta ɗauki bokiti take ɓoye takalman uwarta a cikin buhun dawa. Ta gano da kanta cewa Delu ba ta fita ba takalmi. Shekara uku tana wannan dabara, kuma duk manyan da ke gidan nan babu wanda ya sani.

A hanyarmu ta dawowa Malama ta yi mini bayani. Ta ce an daɗe ana nazarin irin waɗannan yara a ƙasashe da dama, yaran da suka zama iyayen iyayensu. Ta ce ba aikin gida ne matsalar ba, domin shara da wanke-wanke da goyon ƙane duk tarbiyya ce, ita ma da su ta tashi. Inda ɓarnar take shi ne idan babu babba a saman yaro, har ya ɗauka cewa ran uwarsa a hannunsa yake. Irin wannan yaro ba ya rigima, ba ya roƙo, ba ya kuka a gaban mutane, don haka ba wanda ke waiwayarsa, kuma duk yabon da aka yi masa wani dutse ne aka ƙara a kan kayan. Ta ce da yawansu in sun girma ba sa iya hutawa ba tare da jin sun yi laifi ba, ba sa iya cewa a taimake su ko suna mutuwa. Ta ƙara da cewa ita ba likita ba ce, amma ciwon Delu akwai masu duba irinsa a asibiti a nan Gusau, kuma tun tuni ya kamata a kai ta.

Kamar ta leƙa cikin ɗakina take magana. Kai ba za ka tuna ba, kana da shekara biyu lokacin da Innarmu ta kwanta ciwon da ta shekara huɗu a ciki. Aji huɗu nake aka ce in ɗan tsaya tukuna. Na goye ka har zanen ya yi mini kanta a ƙirji, na dafa, na yi jinya, aka yi ta cewa Bara'atu mai hankali. Tsayawar nan ba ta ƙare ba sai da na haifi 'ya'ya uku na shiga makarantar matan aure, inda na koyi rubutun da kake karantawa yanzu. Har gobe ban iya cin abinci a zaune ba, a tsaye nake ci bakin murhu, Malam ya yi faɗa har ya gaji. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni bara, kuka na yi, ba don ciwon ba, don ina jin kamar na yi wa wani sata da na kwanta. Ban faɗi wannan don in yi maka gori ba. Na faɗa ne don ka san wadda ta fi kowa cancantar ta gane halin Wasila ita ce ta fi kowa tafa mata, kuma wannan kunya ba za ta bar ni ba.

Na ƙudura a raina sai na gyara. Wasila ta ci jarrabawar shiga ƙaramar sakandare duk da rabin shekarar ba ta je aji ba, malaminsu ne ya zo da kansa ya ɗauke ta a babur ranar jarrabawa. Na samar mata gurbi a makarantar 'yan mata da ke bayan layinmu. Na je Tsafe na samu Zulai, ƙanwar Delu wadda mijinta ya rasu, ta yarda za ta dawo Nahuce ta zauna da yayarta, ta ce dama ba wanda ya taɓa neman ta, kullum ce mata ake yarinya ta riƙe gida. Na rufe shago na koma Nahuce na kwana huɗu don in gwada ko Delu za ta ci daga hannun wani. Ranar farko ta kau da kai. Rana ta biyu ta ture kwanon. Rana ta uku da hantsi na dama kunu na zuba tsamiya kamar yadda na ji Wasila ta faɗa, na zauna gefenta ina ba ta labarin bikinta, yadda muka ɗauko ta a motar da ta mutu mana sau biyu kafin Kucheri. Ta buɗe baki ta sha, har ludayi bakwai. Ashe ba hannun Wasila kaɗai take so ba, ba wanda ya taɓa zama ya yi haƙurin kwana uku ne kawai.

Na juyo cike da murna in nuna wa Wasila, sai na gan ta tsaye bakin ƙofa tana hawaye ba sauti. Tun ranar jana'izar ubanta ban ga hawayenta ba. Na ɗauka daɗi ne, na ce mata ta gani, Allah ya kawo sauƙi, ta haɗa kayanta jibi mu wuce Gusau ta fara karatu. Yarinyar da ba ta taɓa yi wa babba musu ba ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ba ni zuwa. Baffa Lawali ya ba ni amana gaban mutane. In na tahi, mi zan ce ma Allah?"

Nan take abin ya faɗo mini kamar jiya aka yi. Ranar addu'ar bakwai, kana shirin komawa Fatakwal, motarka tana jira. Ka kira ta a tsakar gida, ga Baba Isah, ga liman, ga mata cike da rumfa. Ka ɗora hannunka a kanta ka ce, "Wasila, daga yau ke ce uwar gidanga. Ga Innarki, ga ƙannenki, amana ce na ba ki." Mata suka ce Allah ya taya ta riƙo, ni ma na ce amin. Na san abin da kake nufi. Magana ce irin wadda ake yi wa yaro don a ƙarfafa masa zuciya, kuma na tabbata kafin ka kai Funtuwa ka manta ka faɗa. Amma ka manta wa ka gaya wa. Yarinya ce da ke zuwa Islamiyya, wadda aka karantar da ita cewa amana abin tambaya ce ranar tsayuwa, kuma cin ta alamar munafunci ce. Ba ta ɗauke ta a matsayin lallashi ba. Ta ɗauke ta yadda babban mutum ke ɗauka in an ba shi ajiya gaban shaidu. Hawayen da na gani ba na murna ba ne, tsoro ne, gani take tunda Inna ta ci daga hannun wani, to ita ta gaza.

Wa ya aike ka, Lawali? Kai namiji mai gemu, ƙanen mamaci, wanda shari'a da al'ada suka ɗora wa nauyin marayun nan, ka sauke kayanka a kan 'yar shekara tara ka shiga mota. Mu kuma muka tsaya muna sa albarka. Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne tsarabar da ka aiko da Babbar Sallah. Salma ka saya mata takalmi mai fitila, Buba ƙwallo, Wasila kuwa jeren tukwane da turmin atamfa irin ta matan aure, har da saƙon cewa a gaya wa Inna Ƙarama kana alfahari da ita. Na ga tukwanen, sun sha wanki suna ƙyalli. Babbar cikinsu in ta cika ba ta iya sauke ta sai ta kira wata ta kama mata, kuma akwai tabon ƙuna a hannunta na hagu da ya shaida ranar da ba ta samu mai kamawa ba. Ba ka yi da mugunta ba, na sani. Amma da ka tsaya ka tambayi kanka me 'yarka ta cikinka mai shekarunta take so, da ba tukunya ka saya ba.

Mun yi iya ƙoƙarinmu mu warware abin ba tare da kai ba. Baba Isah ya kira ta ya ce a matsayinsa na babba ya sauke mata. Ta saurara kanta a ƙasa, ta yi godiya, sannan ta ce cikin ladabi ai ba shi ya ba ta ba. Na kai ta wurin malamarsu ta Islamiyya, ta yi mata bayani cewa Allah ba ya ɗora wa yaro abin da ya fi ƙarfinsa. Ta ce ta ji, muka dawo gida ta wuce kai tsaye ta hura wuta. Na yi tunanin in ɗauke ta da ƙarfi in sa a mota, Malama Mansura ta hana ni. Ta ce in na yi haka gangar jikinta kawai zan kawo Gusau, kuma duk abin da ya samu Delu bayan nan, ko tuntuɓe ne, yarinyar za ta ɗora wa kanta har ƙarshen rayuwarta. Ta ce wanda ya ɗaura ne zai kwance, kuma yadda aka ɗaura.

Saboda haka ga abin da nake so, kuma ba roƙo nake ba, Yayarka ce ke magana. Ka zo da ƙafarka. Kada ka ce za ka kira ta a waya, domin za ta ce Gwaggo ce ta sa ka, kuma muryar da ke fitowa daga waya ba ta kai nauyin hannun da aka ɗora a kai ba. Ka zo Nahuce, a tara mutanen da suka shaida ranar, har liman. Ka kira ta da sunanta na yanka, ba Inna Ƙarama ba. Ka gaya mata ta riƙe amana ta cika, babu abin da ya ɓata a hannunta, yanzu ka zo karɓar kayanka, kuma daga ranar duk tambayar da za a yi kai za a yi wa. Sannan ka nuna mata da gaske kake: ka kwana biyu a gidan, kai za ka ɗauki Delu da Zulai zuwa asibiti, ta ga da idonta cewa akwai babba a samanta. In ka faɗa da baki ka juya ka shiga mota kamar wancan karon, ba za ta yarda ba, kuma tana da gaskiya.

An koma makaranta tun Litinin da ta wuce. Shugabar ta yi mini alfarma ta ce za ta riƙe gurbin har ƙarshen mako na uku, bayan nan akwai masu jira. Usman ya ce kwana biyu zai yi a hanya, ka ga ke nan in takardar ta iso kana da kamar kwana goma. Na san lokacin ciniki ne, na san hanya ba daɗi, na san kuma za ka ce a bari sai ka zo hutun ƙarshen shekara. Ni ma haka aka ce mini, in ɗan tsaya tukuna. Na ɗinka mata kayan makaranta kala biyu suna rataye a shago, na auna ta da ido don ta ƙi tsayawa a gwada ta.

Ka gaishe mini da Hafsat da kyau, ka ce mata na gode da man zafin da ta aiko, ya yi wa Malam amfani. Ka shafa mini kan Ahmad da ƙannensa. Malam yana gaishe ka, ya ce in rage zafin takardar, na ce masa na rage. Baba Isah da mutanen gidansa suna gaisuwa, Zulai ma haka. Salma ta ce fitilar takalminta ɗaya ta daina kamawa. Da zan baro Nahuce na gaya wa Wasila zan rubuto maka, na tambaye ta ko tana da saƙon gaisuwa ga Baffanta. Ta murza bakin zanenta, sannan ta ce, "Ki ce mishi Inna ba ta ɓace ba ko sau ɗaya, kuma ba wanda ya kwana da yunwa. Ki ce mishi ina ƙoƙari."

Saƙonta ke nan, na isar kamar yadda ta faɗa. Amsar kuma ba ni za ka ba, ita za ka zo ka ba.

Allah ya kawo ka lafiya. Wassalam.

Yayarka,
Bara'atu.